Auren Da Aka Ɗaura Cikin Waƙa

"Amatu! Ke Amatullahi, hito nan!"

Saura kaɗan kwanon lalle ya suɓuce daga hannun Amatullahi. Ta fito tsakar gida da sauri, yatsunta jage-jage da lalle, ɗankwalinta a karkace.

Inna na tsaye bakin rijiya riƙe da wayar maƙwabciya.

"Hwaɗa min gaskiya. Ke budurwa ce ko matar aure?"

"Inna...?"

"Tambayar ki nika yi!"

"Wallahi Inna ban gane ba..."

"To ungo, gane ma idonki! Gwandu duka ta gani, ni uwar ɗiya ni ce ta ƙarshe."

Ta karɓi wayar da bayan hannu. Bidiyo ne wanda bai cika minti ɗaya ba, wani ya ɗauka da wayarsa daga cikin taro. Kallo ɗaya ta gane wurin. Zauren Bappa Bawa ne, ƙanin mahaifinta da ke Kalgo. Maza cike kan tabarmi, ga goro a faranti, ga Bappa a tsakiya cikin babbar rigarsa ta Sallah. Daura da shi kuma... Muzzammil, cikin farar shadda ta angwaye.



Muryar Bappa ta fito tar, kamar yana tsakar gidan:

"Na ba Muzzammil auren ɗiyata Amatullahi, ɗiyar yayana marigayi Malam Abu."

Sai Muzzammil ya ɗago kai, ya ce,

"Na karɓa."

Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha, zaure duka ya shafa.

Amatullahi ba ta san lokacin da ta zauna dirshan a ƙasa ba.

Ranar tana gidan, wannan gaskiya ne. Amma tana can cikin ɗakin matar Bappa, tana zana wa Nafisa lalle, 'yar fim ɗin da aka ɗauko daga Birnin Kebbi ta fito a amarya. Sana'arta ke nan, lallen amare, kuma da za ta tafi ta ce wa Inna aiki ne aka samu a gidan Bappa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne waƙar wa za a ɗauka, don ta san da ta faɗa ko ƙofar gida ba za ta leƙa ba.

Muzzammil ɗan Kambaza ne, kuma duk mai waya a Kebbi ya san muryarsa. In ka kunna talabijin shi ne yana tallan sabulu, in ka juya tasha shi ne a fim mai dogon zango yana lallashin wata, in ka shiga motar Gwandu zuwa Birni waƙarsa direba zai saka maka har ka sauka. Shekara uku suna son juna shi da Amatullahi. Sau biyu yana turo manyansa, sau biyu Inna tana mayar da su da goronsu.

"Mutumin da kullum shina talabijin da sabuwar mata? Ba da ɗiyata ba."

Bappa Bawa shi ne waliyyinta tun da mahaifinta ya rasu. Amma Bappa, duk girman rawaninsa, in Inna ta yi gyaran murya sai ya tuna yana da aiki a fadama.

"Inna, wasa ne fa..." in ji Amatullahi. "Waƙa ce ake ɗauka."

"Wasa? Da waliyyinki? Da shaidu? Da hwatiha?"



*

Sai da Inna ta shiga wanka Amatullahi ta samu ta kira Muzzammil. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Hasken raina..."

"Kada ka kira ni da wannan sunan! Muzzammil, mi kuka yi min?"

"Ki saurare ni, don Allah."

"Ina ji."

Ya ja numfashi. Ya ce a aikinsu, in ana ɗaukar hoton waƙa ba a ɗaukar murya. Baki kawai ake motsawa, daga baya a ɗora waƙa a kai. Shi kansa an sha ɗaura masa aure a gaban kyamara, kuma abin da ake faɗa a wurin bai wuce "shinkafa da wake, shinkafa da wake" ba. To ranar wanda zai fito a uban amarya motarsa ta lalace a hanya, rana na yi, sai darakta Joel ya dubi mai gida ya ga ga gemu ga riga, ya roƙe shi ya zauna.

"Sau huɗu ana ɗauka Bappa na ƙamewa kamar icce. Ya ce shi bai iya motsa baki ba magana ba, shi ba akuya ba ne. Joel ya gaji, ya ce, Baba, to yi kamar auren 'yarka kake bayarwa."

Amatullahi ta runtse ido. 'Ya'yan Bappa bakwai ne, duk maza. Mace ɗaya ce a duniya da yake kira ɗiyarsa.

"Joel ɗan Zuru ne, Amatu, coci yake zuwa. Bai san nauyin abin da ya sa a faɗa ba."

"Shi bai sani ba. Kai hwa?"

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Kai hwa, Muzzammil? Mi ya sa ka ce ka karɓa?"

"Ban sani ba..."

"Ba ka sani ba?"

"Na ji sunanki ne kawai."

Ta katse wayar. Abin haushin, maimakon zuciyarta ta tafasa kamar yadda ta so, sai wani sanyi ya ratsa ta. Ta ji haushin kanta fiye da nasa.

Kwana uku da suka biyo baya, Gwandu ta samu abin yi. Garin da kowane lungu akwai mai littafi, ai ba a rasa masu fatawa ba. Mai kayan miya ya ce aure ya ɗauru daram, ba a wasa da aure. Malamin Islamiyyar unguwa ya ce ina, ai kowa a zauren ya san wasa ake. Da safe ta tashi matar aure, da azahar ta koma budurwa, kafin la'asar wani ya sake aurar da ita. Wata amarya da ta zo lalle har da rusunawa tana ce mata "uwar gida, ina gajiya." Ita kuwa ko mayafi za ta ɗauka sai ta tsaya tana tunani, na 'yan mata za ta yafa ko babba?

Ta kai har in za ta je unguwa sai ta ji wani abu na ce mata, kin nemi izininsa?

Izinin wa? Oho.

*

Ran kwana na huɗu mota ta tsaya a ƙofar gida. Nafisa ce, da gilashi da turare mai hawa kai, lallen da Amatullahi ta zana mata har yanzu raɗau a hannunta.

"Ƙawata, tausayinki ne ya kawo ni."

Amatullahi ta shimfiɗa mata tabarma. Yaushe suka zama ƙawaye, ba ta sani ba.

"Ke ba 'yar harkar fim ba ce, shi ya sa ba ki gane ba," in ji Nafisa, tana wasa da makullin mota. "Kin san mutum nawa suka nemi waƙar nan tun da bidiyon ya fita? Waƙar da ko sakinta ba a yi ba?"

"Ban sani ba."

"Talla ce, ƙawata. Haka ake yi. A tayar da ƙura, suna ya zagaya, waƙa ta yi kasuwa."

"Muzzammil ba zai..."

"Da idona na gan shi ya ja Bappanki gefe kafin a fara ɗauka, suna ƙus-ƙus. Me kike jin yake faɗa masa?"

Amatullahi ta zuba mata ido.

"Kuma masu sabulun nan da yake wa talla sun kira shi. Wai suna son ango da amaryar gaske a sabon tallansu. Tambaye shi in ƙarya nake." Ta miƙe tana gyara gyale. "Ni shekara biyu muna aiki tare, na san shi ciki da bai. Irinsu sai irinmu. Ke ki ceci kanki."

Duk mai ido ya ga abin da ke cin Nafisa, an yi mata kwalliyar amarya an kira sunan wata. Amatullahi ma ta gani. Amma magana ta riga ta shiga, kuma ta samu wurin zama.

Nafisa na fita, Amatullahi ta sake kiran Muzzammil.

"Masu sabulu sun kira ka?"

"...Sun kira."

"Mi ka ce musu?"

"Na ce su dakata."

"Su dakata?" Hawaye suka zubo mata. "Ba ka ce a'a ba? Su dakata?"

"Amatu, kaina ya ɗaure ne lokacin, wallahi ban..."

"Ashe ni talla ce."

"Subhanallahi! Wa ya ce miki..."

Ta kashe wayar gaba ɗaya, ta tura ta ƙarƙashin katifa. Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Abin da ya fi ɗaure mata kai, ba ta san me take wa kukan ba. An ɗaura mata aure ba da saninta ba ne? Ko tsoron a ce bai ɗauru ba? Ko kuwa tsoron mutumin da ta ba zuciyarta shekara uku ya sayar da sunanta don waƙa? Duk wanda ta kama sai ɗayan ya ja ta.

*

Inna ce ta kai maganar gaban Malam Sama'ila, dattijon da ya karantar da mahaifin Amatullahi, wanda in ya yanke magana a unguwar ba a ƙarawa. Ranar Asabar da hantsi aka taru a zaurensa. Maza a ciki, Inna da Amatullahi a kan tabarma bakin ƙofar da ke shiga gida, inda suna ganin kowa.

Bappa Bawa ya iso daga Kalgo tun da sassafe, duk ya faɗa. Muzzammil ya zo shi kaɗai a kan babur, ba shadda ba gilashi, wata tsohuwar jallabiya ce a jikinsa. Ta saci kallonsa sau ɗaya ta ga ya rame. Ta ji daɗin hakan, sannan ta ji kunyar jin daɗin.

Malam ya kalli bidiyon sau biyu, ya ajiye wayar.

"Bawa, wani ya sa ka hwaɗi sunan yarinyar ga?"

"Allah gafarta Malam, ba kowa. Cewa anka yi in yi kamar ɗiyata nika aurarwa. To ni wace ɗiya gare ni in ba ita ba? In ƙirƙiro wata in yi ƙarya gaban jama'a?"

"An ce an gan ku kuna magana kai da yaron ga kahin a hwara."

Amatullahi ta kasa kunne.

Bappa ya sosa gemu.

"Awo, an yi haka. Ce min ya yi Amatu na ciki tun sahe tana aiki, in sa a kai mata hura, kada a ce daga gare shi ta hito."

Furar! Ta tuna ta, da nono mai sanyi a kwanon sha, har tana yi wa matar Bappa godiya. Ta sunkuyar da kai.

Malam ya juya ga Muzzammil.

"Kai kuma ka san wasa akai. Don mi ka amsa?"

"Malam, na sani." Muryarsa, wadda ake biya a saurara, yau da ƙyar take fita. "Shekara ukku ina jiran in ji an hwaɗi wannan maganar. Da na ji ta, bakina ya riga hankalina. Laihina ne, ba na Bappa ba."

"Ka ji ko!" Inna ta cafe. "Ya amsa da bakinshi!"

Malam ya ɗaga mata hannu. Ya yi ta jan carbi, har sai da kowa ya gaji da zama.

"Ga waliyyi na gaskiya, ga mai karɓa na gaskiya, ga shaidu, kuma aure ba abin wasa ba ne. Wanga gehe guda ke nan. Ɗaya gehen, kowa ya san wasa anka taru yi, kuma yarinya ba a nemi izininta ba. In na tara malamai goma a zauren ga, sai sun rabu biyu. Ni kuwa ba ni barin ɗiyar Abu tana yawo ba ta san matsayinta ba." Ya ajiye carbin. "A hita daga shakka. Ya yi mata saki guda. Tun da ba ta tare ba, babu idda a kanta. In an ɗauru ya warware, in ba a ɗauru ba ba a yi asarar komi ba."

"Alhamdu lillahi!" in ji Inna. "A ba shi takarda."

Aka ajiye takarda da biro a gaban Muzzammil. Ya dube su kamar an ajiye masa garwashi.

"Malam... ba zan iya ba."

"Kun gani?" Inna ta miƙe tsaye. "Dama abin da ya shirya ke nan! Ya riƙe min ɗiya ya yi ta waƙa da sunanta!"

"Wallahi Inna ba haka ba ne. Ko sama da ƙasa..."

"Ya sake ni."

Amatullahi da kanta sai da ta yi mamakin muryar, don ba ta san ta yanke shawara ba sai da ta ji ta a waje.

Muzzammil ya juyo a hankali.

"Amatu...?"

"Ka sake ni."

"Haka kike so?"

Ba haka take so ba. Duk jikinta cewa yake ba haka ba. Amma kwana bakwai ke nan kowa na faɗa mata ko ita wace ce, daga mai kayan miya har Nafisa, kuma ta gaji. In ya riƙe ta yau, har ta mutu ba za ta san ko don ita ya riƙe ba ko don abin da riƙon zai jawo masa.

"Haka nike so," ta ce, hawaye na bin fuskarta.

Ya daɗe yana kallonta. Ta jira ya yi gardama, ya roƙi Malam, ya ce a ba shi lokaci. Inna ma abin da take jira ke nan, har ta gyara tsayuwa.

Sai ya ɗauki biron.

Ya dafe takardar da ɗaya hannun. Layi biyu ya rubuta. Ya miƙa wa Malam da hannu biyu, ya juya wajen Inna ya durƙusa.

"Inna, ki yahe min abin da na jawo wa gidanku. Hoton waƙar na sa Joel ya goge wurin, ba za ta hita da shi ba. Masu talla kuma na ba su haƙuri." Ya ƙara yin ƙasa da kai. "Allah ya ba ta wanda ya hi ni."

Bai kalli Amatullahi ba. Ta san don me, in ya kalle ta ba zai iya fita ba. Ya miƙe ya fice, ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba.

Inna ta koma ta zauna a hankali. Ta yi nasara, amma fuskarta ba ta nuna ba. Ta zo da shirin faɗa da ɗan duniya, ga shi ba ta samu wanda za ta yi faɗan da shi ba.

Amatullahi ta share fuska da gefen mayafi. A karon farko cikin mako guda kanta ya washe, kamar an ɗauke mata tulu daga ka.

"Malam..."

"Na'am, ɗiyata."

"Yanzu ba ni da auren kowa ko?"

"Ba ki da shi. Ko shakka babu."

"To yanzu a tambaye ni."

Bappa Bawa ya saki baki. Malam ya kalle ta ta saman tabarau, gefen gemunsa ya motsa.

Ta juya ta dafa gwiwar Inna da hannu biyu.

"Inna, ranar nan ni ba a tambaye ni ba, ke ma ba a tambaye ki ba. An yi mana ba daidai ba mu biyu. Yanzu ni nike tambayar ki, da bakina. In kin ce a'a, wallahi na haƙura, ba ki ƙara jin sunanshi gare ni."

Inna ta kawar da kai. A waje aka ji an taka babur, ya ƙi tashi. Aka sake takawa.

"Shina da mata goma sha a talabijin," in ji Inna, amma muryar ba ƙarfi.

"Ni kaɗai ya yi wa saki, Inna. Kuma kin ga yadda ya yi."

Aka taka babur karo na uku, ya tashi.

Inna ta juyo a fusace, idonta cike da ƙwalla.

"Bawa! Kai kana zaune kamar an dasa ka? Tashi ka kiro min yaron ga kahin ya tahi!"

Bappa bai taɓa bin umarnin Inna da farin ciki irin na ranar ba. Ya tattare babbar riga ya fita ba takalmi yana ƙwala kira, har almajiran fiƙihun Malam, dattawa da su, suna leƙowa.

Da Muzzammil ya dawo ya tsaya bakin zaure, idonsa jawur, yana kallon wannan yana kallon wancan. Shi ne yanzu bai gane komai ba, kuma Amatullahi ta ga ya dace shi ma ya ɗanɗana.

"Zamna," in ji Malam. "Juma'a mai zuwa ka turo manyanka, a ɗaura bayan an sauko, in yarinya ta yarda." Ya juya gare ta. "Amatullahi, ga Muzzammil ɗan Kambaza shina neman aurenki. Budurwa in kunya ta hana ta magana, shirunta ya isa. Kin yarda?"

Duk zauren sun ɗauka kai za ta sunkuyar.

Ta ɗago ta dubi Muzzammil ido cikin ido.

"An yi min shiru ya isa haka, Malam. Na yarda. Ina son shi."

Muzzammil ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza.

"Ke!" Inna ta kai mata duka a cinya, tana kuka tana dariya. "Sassauta murya, marar kunya, gaban malamin ubanki kike!"